Tambaya da Amsa: Ƙure Gudun Ƙaramar Kwamfutar Gem a Zafin Gombe

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tumfure, a nan Gombe. Na yi kusan shekara biyu ina tara kuɗi ina sayen kaya ɗaya bayan ɗaya, har Allah ya nufa na haɗa kwamfutar gem a cikin ɗan ƙaramin akwati, irin wanda mutum zai rungume da hannu ɗaya. Furosesan Ryzen 5 3600 ne tare da fankar da ta zo a kwalinsa, madabod ɗin, wato faifan da ake jona dukkan kayan a jikinsa, ƙaramin B450 ne, katin hoton kuma GTX 1650 ne wanda ba a jona masa waya daga fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa kayan wuta. Ram ɗina gigabait 8 ne, sanda ɗaya. Ina kallon bidiyoyin Turawa suna yin abin da suke kira obakulok, suna cewa ƙarin gudu ne na kyauta. Shin in yi? Da me zan fara, kuma ba zai ƙone mini kaya ba? Daga ɗalibinka na Tumfure.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan haƙuri naka, domin wanda ya sayi kaya guntu-guntu har ya haɗa su wuri ɗaya ya san darajar kowane kusa da ke jikinsu. Kayan da ka lissafa sun yarda a ƙure musu gudu, amma a cikin akwati irin naka, kuma a ɗakin da ke Gombe, ba na jin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a ɓangaren furosesa. Katin hoton yana da ɗan abin da zai bayar. Babbar ribarka kuwa tana wani wurin da ba ka ma tambaya a kansa ba.

Furosesa yana aiki ne da bugu, kuma idan an ce gudunsa gigahaz 3.6 ne, ana nufin bugu biliyan 3.6 a kowace daƙiƙa. Naka, wanda kamfanin AMD ya fitar a 2019, yana da ƙwayoyin aiki shida, gudunsa na tushe 3.6 ne, kuma yakan hau da kansa har 4.2 idan ya samu sanyi da isasshiyar wuta. Obakulok shi ne mutum ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya canza lambar ninki, wadda ake ninkawa da megahaz 100, ya tilasta wa furosesa tsayawa a gudun da ya zaɓa masa. Ka yi sa'a da ka sayi B450, domin AMD ta bar ƙofar a buɗe ga masu madabod na jerin B da X, alhali masu A320 ba a ba su wannan dama ba. A wajen Intel sharaɗin ya fi tsauri, sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa da madabod na jerin Z, kuma dukansu biyun ba kayan mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Sai dai kalmar kyauta da masu bidiyon suke faɗa ita ce ban yarda da ita ba. Furosesa ba ya iya tsayawa a gudu mai yawa sai an ƙara masa boltej, wato ƙarfin turin wutar da ake ba shi, wutar da yake ci kuma ba ta tashi daidai da boltej ɗin, tana tashi ne da ninkinsa a kan kansa. Ɗauki alƙalami ka gwada: idan ka ɗaga boltej daga 1.25 zuwa 1.35, wannan kaɗai ya ƙara cin wuta da kusan kashi 17 cikin 100; idan a lokaci guda ka ɗaga gudu daga 3.9 zuwa 4.2, ƙarin gudun bai kai kashi 8 ba, amma jimillar wutar ta ƙaru da kusan rubu'i. Duk wutar da ta shiga furosesa kuwa zafi take komawa, babu wat ɗaya da ke ɓacewa, kuma wannan zafin sai ya samu hanyar fita daga akwatin.

A nan ne Gombe ta shigo cikin lissafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗiba ta hura wa ƙarfe, saboda haka duk digirin da ɗakinka ya fi na mai bidiyon, sai ka same shi a jikin furosesanka. Misali, idan mutum yana zaune a ɗaki mai digiri 22 a Jamus ya nuna maka furosesansa a 75, tazarar da ke tsakani 53 ce. Ɗauko wannan kwamfutar ba tare da ka taɓa komai ba, ka ajiye ta a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai-kawo kusa da 40, ɗakin kuma a ce yana 38, sai ka ga 91. Iyakar da AMD ta sa wa wannan furosesa 95 ce, kuma da ya kusanto ta zai fara ja wa kansa birki. Ka ga tun ba ka ƙara komai ba, rarar da Bature yake taƙama da ita ranar Gombe ta riga ta cinye maka.

Ƙaramin akwati kuma yana ƙara wa Borno dawaki. Madabod irin naka santimita 17 ne tsawo da faɗi, katin hoto da furosesa da fawa-fak duk suna maƙale da juna kamar fasinjojin ƙaramar mota ranar kasuwar Kumo, iskar da wannan ya fitar ita wancan yake shaƙa. Fankar da ta zo a kwali an yi ta ne don furosesa mai wat 65 yana aikinsa na yau da kullum, ba don a ɗora mata ƙarin kaya ba, kuma sau da yawa akwatin ba shi da tsayin da zai karɓi babbar fanka. Sannan akwai abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba: furosesoshin yanzu sun riga sun iya ƙure kansu. Naka yana duba zafinsa da wutarsa a kowane lokaci, ya hau idan da hali, ya sauka idan babu. Wanda ya ɗaure shi a 4.0 ko 4.1 a dukkan ƙwayoyi shida zai iya cin riba wajen haɗa bidiyo, amma ya hana ƙwaya ɗaya ko biyu hawa 4.2 a lokacin gem, ga ƙarin zafi ko da kwamfutar tana zaman banza. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Ko da ma ka samu ƙarin gudun, ina shakkar za ka gan shi a allo. Sauke manhajar MSI Afterburner, ka kunna alƙaluman da take nunawa a kusurwar allo, ka buga gem ɗin da ka saba na rabin awa. Ina kyautata zaton za ka ga katin hoto yana aiki kashi 98 ko 99 cikin 100, furosesa kuwa bai kai rabi ba. Idan haka ne, katin ne ke riƙe da tafiyar. Ƙara wa furosesa gudu a wannan hali kamar ƙaro leburori masu kawo bulo ne alhali magini ɗaya ne a kan bango. Bulo zai taru a ƙasa, ginin ba zai ƙara sauri ba.

Yanzu ga wurin da na ce ribarka take. Ka ce ram ɗinka sanda ɗaya ne. Furosesan yana da hanyoyi biyu na magana da ram, kuma da sanda ɗaya hanya ɗaya kawai yake amfani da ita, ɗayar tana rufe. Madabod ɗinka ramin ram biyu gare shi. Ka nemi sanda ta biyu mai gigabait 8, in so samu ne irin ta farkon sak, kamfani ɗaya da gudu ɗaya. Wannan zai ba ka gigabait 16, ya buɗe hanya ta biyu, kuma zai rage maka irin ɗan tsayawar nan da gem yake yi kamar mai tuntuɓe, wadda ta fi ƙarancin firem, wato hotunan da gem yake nunawa a kowace daƙiƙa, ɓata rai. Bayan haka ka duba gudun da ram ɗin yake yi a zahiri. Na sha ganin sanda an rubuta mata 3200 a jiki amma tana aiki a 2133 ko 2400 shekara da shekaru, saboda babu wanda ya shiga BIOS ya kunna XMP, saitin da ke sa ram yin gudun da aka rubuta a jikinsa, wanda a madabod ɗin Asus ake kira DOCP. Danna wuri ɗaya ne. AMD da kanta ta amince da 3200 ga wannan furosesa, kuma Ryzen yana jin daɗin ram mai sauri fiye da yadda mutane suke zato, domin hanyar da sassan cikinsa suke sadarwa da juna tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da gudun ram. Idan ka kunna, ka bar manhajar MemTest86 mai gwada lafiyar ram ta yi zagayenta cikin dare kafin ka saki jiki.

Katin hoton shi ne inda zan ce ka gwada hannunka, domin kuskure a nan ba ya wuce gem ya rufe ko kwamfuta ta sake tashi. Sai dai ka san iyakarsa tun farko. GTX 1650 irin naka, da ba shi da wayar wuta ta daban, yana shan wutarsa duka daga ramin da aka soke shi, ramin kuma wat 75 ne iyakar abin da yake bayarwa, shi ya sa a yawancin irin waɗannan katuna za ka tarar ma'aunin ƙara wuta a cikin Afterburner ba ya wuce 100. Kafin ka taɓa komai, ka gudanar da gwajin Unigine Heaven, manhajar da ke auna ƙarfin kati ta ba shi maki, ka rubuta sakamakon a takarda tare da zafin katin, in ba haka ba za ka ƙare kana yaudarar kanka da cewa ka ji bambanci. Daga nan ka ƙara wa ƙwaƙwalwar katin, wato furosesan da ke cikinsa, megahaz 15 ko 25, ka gwada, ka sake ƙarawa, har sai ka ga alamar gajiya: ɗige-ɗige masu launi, ko layuka suna walƙiya, ko gem ya fita da kansa. Da ka ga haka sai ka ja baya taki biyu. Sannan ka koma kan ram ɗin katin, shi kuma ana iya hawa da 50 ko 100 a kowane taki, kuma ka riƙa duba makin gwajin, domin lambar tana iya hawa alhali makin ya tsaya cak. Kada ka sa wa manhajar alamar ta riƙa ɗora saitin da zarar Windows ta tashi sai ka yi kwanaki kana wasa da shi lafiya. Kuma ka yi gwajinka da rana tsaka, ba bayan sallar Isha'i ba. Saitin da ya tsaya daram a sanyin Janairu yana iya watsa maka ƙasa a ido a watan Maris.

Kada ka sa rai da yawa. Idan ka yi nasarar ƙara kashi 6 cikin 100, gem ɗin da ke ba ka firem 50 a daƙiƙa zai koma 53. Ba laifi, amma rage ingancin inuwa daga matakin ƙoli zuwa matsakaici a cikin gem ɗin zai iya ba ka fiye da haka ba tare da digiri ɗaya na ƙarin zafi ba.

Abin da ni nake yi wa ƙananan akwatuna shi ne akasin abin da ka tambaya, wato rage boltej. A cikin Afterburner, idan ka danna Ctrl da F, wani zane zai fito mai nuna gudun da katin yake yi a kowane matakin boltej. Ana zaɓar mataki na ƙasa kaɗan, a ɗaga shi zuwa gudun da katin ya saba yi, a daidaita abin da ke gabansa ya kwanta a layi ɗaya. Katin kamfanin Nvidia irin naka yakan sauke gudunsa kaɗan-kaɗan yayin da yake ɗumi, kuma yakan sauke shi idan ya bugi iyakar wat 75 ɗin nan, saboda haka katin da aka rage wa boltej yakan riƙe gudunsa tsawon wasa maimakon ya fara da zafin nama ya ƙare yana haki. Fanka ma ta rage ihu. Shi ma wannan sai da gwaji, domin katuna biyu masu suna ɗaya, daga kamfani ɗaya, ba lallai su jure saiti ɗaya ba, shi ya sa ban ba ka lambar da za ka kwafa ba, kuma ina ba ka shawara kada ka kwafi ta kowa.

Kafin duk wannan, buɗe akwatin ka duba. A ƙarshen hunturun da ya wuce wani maƙwabcina ya kawo mini tasa, yana cewa ta tsufa tana buƙatar obakulok. Da muka kwance murfin, sai ga ƙura ta yi dabe tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, ja-ja-jir, har na ɗago ta da tsinken ashana ta taso a dunƙule kamar ƙyallen bargo. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe yana farfashewa kamar tsohon alli. Muka hure ƙurar muna riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, muka goge busasshen man, muka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya. Zafin ya sauka ƙwarai, gudun da yake nema ya dawo da kansa. Kai ma ka ɗauke ta daga ƙasa, ka janye ta daga jikin bango da taƙi guda, ka tabbata fankokin akwatin suna ja daga gefe ɗaya suna fitarwa ta ɗayan, ba dukansu suna hurawa ciki ba.

Game da ƙonewa: da wuya furosesan zamani ya ƙone nan take, domin zai kashe kwamfutar da kansa kafin a kai ga haka. Abin tsoro shi ne boltej mai yawa tare da zafi na tsawon watanni, wanda ke cin furosesa a hankali har ya kasa riƙe gudun da yake riƙewa a da. Ka kuma sani AMD ba ta ɗaukar alhakin lalacewar da obakulok ya jawo, ko da ka saye shi sabo da garanti. Ba ka faɗa mini sunan fawa-fak ɗinka ba, kuma shi ne na fi jin tsoro, domin marar suna mai arha idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Idan kuma wata rana za ka sabunta BIOS, kada ka fara sai kana kan inbata ko UPS mai cikakken caji, domin ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki yana iya mayar da madabod farantin banza.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon buga gem a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi. Na sayi kwancen kwamfutocin ofis guda uku, Dell OptiPlex sirara masu Core i5, ina so in sa musu katin hoto yara su riƙa buga ƙwallo. Wani yaro ya ce zai yi musu obakulok in biya shi. Na ba shi?

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka. Waɗannan kwamfutoci an ƙera su ne don ofisoshi, furosesan cikinsu ba mai harafin K ba ne, BIOS ɗinsu kuma ba shi da wurin canza lambar ninki, don haka babu abin da yaron zai taɓa a can. Ko da akwai, injin da zai wuni yana aiki daga hantsi har dare a shago cike da jama'a ba shi ake ƙure wa gudu ba, domin kwamfuta ɗaya ta tsaya ana tsakiyar wasa ta fi firem uku tsada a wurinka.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne wajen sayen katin. Buɗe ɗaya ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak. A irin waɗannan sirara yawanci wat ɗin bai kai 300 ba, ba shi da wayar da ake jona wa kati, kuma siffarsa ta kamfanin ce, ba kowane na kasuwa ke shiga gurbinsa ba. Saboda haka kana buƙatar gajeren kati wanda murfi zai rufu a kansa, mai shan wuta daga rami kawai. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da gajerun samfura, amma wat 75 suke ci, sai fawa-fak ɗin yana da rara, kuma ka auna filin da ke tsakanin ramin da fawa-fak ɗin da abin awo kafin ka biya, domin wasu katunan suna cin gurbi biyu. GT 1030 wat 30 ne kawai, ya fi sauƙi a kan injin amma ƙarfinsa kaɗan ne. Idan shi za ka saya, ka tabbata mai ram ɗin GDDR5 ne, domin akwai mai DDR4 da ake sayarwa da suna iri ɗaya alhali ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. Sauran kuɗin ka cika wa kowace ram sanda biyu, ka canza tsohon hadis, wato ma'ajiyar bayanai, zuwa SSD mai sauri. Yaron kuma, in yana da hannu, ka ɗauke shi ya riƙa hure musu ƙura duk wata.

TAMBAYA: Malam, na canza wasu lambobi a BIOS, na adana, yanzu fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin. Na kashe ta ke nan? Daga wata ɗaliba a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Kwantar da hankalinki, ƙanwata, da wuya a ce ta mutu, saitin da kika ba ta ne ta kasa tashi da shi. Ki kashe ta, ki zare wayar wuta daga bango, ki danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. Ki buɗe murfin, za ki ga wani ɗan batir mai sheƙi kamar kwabo a jikin madabod, an rubuta masa CR2032. Ki ciro shi, ki jira minti biyar, ki mayar da shi yadda yake, rubutun yana kallon sama. A wasu ƙananan madabod batir ɗin yana naɗe cikin leda da 'yar waya, sai a zare wayar maimakon batir ɗin. Wannan zai mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani, sai dai ki sake saita kwanan wata da agogo. Idan ta tashi, ki riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kina rubuta tsohuwar lambar a takarda kafin ki sa sabuwa. Idan ba ta tashi ba, ki ciro sandunan ram ki mayar da ɗaya kawai har ki ji ta yi ƙas a raminta, ki sake gwadawa, sannan ki rubuto mini sunan madabod ɗin da ainihin lambobin da kika taɓa.